Ni Na Share, Kai Aka Kira

Gindin Dutsen Murhu,
Kafanchan.

Ƙanena Barnaba,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, kamar yadda muke fara kowace wasiƙa, ko da yake na san wannan ba ta da mai kai ta. Ba za ka karanta ba, shi ya sa ma na samu ƙarfin halin rubutawa. Da kana raye da ka yi dariyar nan taka, ka dafa kafaɗata, maganar ta mutu a bakina kamar yadda ta saba mutuwa shekara talatin.

Ka dubi abin da na rubuta a sama: Gindin Dutsen Murhu. Ni kaɗai na rage a garin nan mai kiran wurin haka. Kowa Unguwar Barnaba yake cewa, har jikokina. To, a kan wannan sunan nake so mu yi magana yau, ni da kai.

Amma bari in fara ba ka labarin gida. Wata uku ke nan da muka binne ka. Rifkatu matarka tana nan lafiya, ta fara cin abinci sosai, zumuntar mata ba su bar ta ita kaɗai ba. Famfon da ka yi ta bin ofis a kansa ya iso bakin titi, yana kawo ruwa ranar da ya ga dama. An gama rufin sabuwar makaranta. Mangwaron ya yi 'ya'ya bana fiye da kowace shekara, kamar bai san an yi mutuwa ba. Shagonka yana rufe, amma har yanzu mutane suna turo kekensu, su tsaya, su tuna, su juya.

Ka tuna yadda wurin nan yake da? Ba ka tuna ba, don ba ka nan. Wannan ita ce maganata gaba ɗaya, Barnaba. Ba ka nan.

Shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama, ina zuba wa jirgin ƙasa kwal, muna zaune ni da Saratu matata a ɗaki ɗaya na barikin reluwe, ga ta da ciki. Dutsen nan kuwa ba mai zuwa kusa da shi. Kansa a buɗe yake, da rami kamar murhu, duwatsunsa baƙaƙe masu huji-huji. Tsofaffi sun ce ƙasar da wuta ta taɓa ci ba a kwana a kanta. Sai Malam Buba kaɗai, Bafulatanin da ke kiwon shanunsa a gefen dutsen, shi ma kafin magariba ya kora su gida. Wani mai safiyo, ma'aunin ƙasa, da na taɓa rakawa duba layin dogo shi ya gaya mini cewa dutsen ya taɓa yin aman wuta tun kafin a yi mutane a nan, kuma bai mutu ba, barci yake yi. Ya ce baƙar ƙasar gindinsa tokar wannan wutar ce, duk abin da aka shuka zai yi. Ni da wuta ce sana'ata, na ce in ta yi barcin da ya wuce kakannin kakanninmu, ba a kaina za ta farka ba. Na kai gaisuwa wurin masu ƙasa da zakara ɗaya. Suka karɓa suna dariya, suka ce in ɗauki iyakar abin da zan iya sharewa.

Rani uku na yi ina kwashe duwatsu. Da su na yi harsashin ɗakin farko. Malam Buba ya tausaya mini ya kwantar da shanunsa a filin don taki. Na dasa mangwaro a bakin 'yar hanyar da ke shiga gari, sannan na gina ɗakina can baya, ƙofa tana kallon dutse, don in na dawo daga aiki in yi barci ba hayaniya. Ka ga kuskurena? Mai hankali yana gina ɗakinsa inda za a gan shi.

Sai Baba ya rasu a ƙauye, ka zo mini da riga ɗaya da bakinka mai zaƙi. Na ba ka famfon kekena da sifana biyu, na ce ka zauna gindin mangwaro ka riƙa yi wa masu wucewa faci, kada ka zauna haka. Ni na zaunar da kai a wurin, da hannuna.

Aikina kuwa ka san shi. Kwana huɗu ina hanyar Inugu ko Kaduna, kwana biyu ina barci. Mutane suka ga dawata da cittata sun yi kyau, suka ga dutse bai cinye ni ba, suka fara zuwa neman wuri. Wa za su samu? Ni ina can ina shaƙar hayaƙi. Kai za su samu, kana zaune a inuwa. Ka tashi ka auna musu fili da ƙafarka, ka ce wa Saratu ta kawo musu ruwa, ka ba su labari har su manta da tsoron dutse. Duk dawowata sai in ga sabuwar jinka. Da farko kana cewa yayanka ne mai wurin, na sani, an gaya mini. Amma mutum ba ya riƙe sunan wanda bai gani ba. In an tambaye su inda suka koma, sai su ce wajen Barnaba mai keke.

Rijiyar fa? Hutuna na shekara gaba ɗaya na ƙarar a cikinta ina fasa baƙin dutse, har yau babban yatsana na hagu ba ya lanƙwashewa. Da ruwa ya fito, ka zo da tsohon wilin keke ka kafa a bakinta, ka ɗinka guga da robar taya, mata suka ga jan ruwa ya yi sauƙi, suka yi guɗa. Tun ranar ta zama rijiyar Barnaba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sujadar farko a gindin mangwarona aka yi, kai kake ba da waƙa. Lokacin tashin hankalin da ya kawo yaƙin basasa, maƙwabtanmu mutanen gabas da za su tafi, kai suka bar wa makullan gidajensu. Damina uku ni nake hawa rufinsu ina toshe yoyo. Da suka dawo suka samu komai daidai, kai suka runguma suna kuka. Ina tsaye a gefe da guduma a hannu, aka ce mini sannu, yayan Barnaba.

Yayan Barnaba. Ka taɓa jin inda aka san babba da sunan ƙaramin? Saratu ma, Allah ya ji ƙanta, in tana yi wa danginta kwatance sai ta ce su tambayi Barnaba. Ɗana na cikina da ya tafi makaranta Zariya, wasiƙarsa sai ta bi ta hannunka kafin ta same ni, don mai raba wasiƙu bai san wani Ishaya ba.

Na yi ƙyashinka, ƙanena. Na faɗa yau a fili. Na yi ƙyashin dariyarka, da yadda yara suke bin ka, da yadda in ka shiga taro ake matsa maka wuri ni kuma sai na nema. An ce hassada ga mai rabo taki ce. In haka ne, ni na yi maka taki fiye da shanun Malam Buba.

Ga wani abu kuma. Ka tuna allon shagonka na farko, wanda aka rubuta Barnaba Mai Gyaran Keke, da iskar farkon damina ta cire? Ba iska ta tafi da shi ba. Ta jefar da shi ne a gonata, na tsince shi da safe, na mai da shi ƙofar akurkin kajina, rubutun yana ciki. Bayan sati biyu ka zo aron gatari, kaza ta ture ƙofar, na ga idonka ya sauka a kan sunanka duk kashin kaji. Ka yaba ƙibar kajin, ka ɗauki gatarin, ka tafi. Me ya sa ba ka zage ni ba? Da ka zage ni, da mun yi faɗa irin na 'yan'uwa mun huta. Shirun nan naka ya fi mini ciwo, don ya nuna ka san abin da ke cikina tuntuni, kuma ka yafe ba tare da na roƙa ba. Wa ya ce maka ina son a yafe mini?

Shekaru suka tafi. Jinka ta zama kwano, hanyar ƙafa ta zama titi, aka kafa injin niƙa. Garin da muke gani daga nesa ya zo ya zagaye mu ya wuce, har mu da muke 'yan bayan gari muka zama 'yan tsakiya. Jiragen dizal suka shigo, aka ce masu zuba kwal su je su huta. Na dawo gida na zauna, a lokacin da ba sauran fili da za a nuna wa kowa. Ƙananan motocin haya suka fara shigowa daga tasha, direbobi suna leƙo kai suna kiran Barnaba, Barnaba. Sau nawa a rana nake jin sunanka ta bayan katangata? Ban taɓa ƙirgawa ba, amma kowanne na ji shi.

Da aka kwantar da kai a asibiti na zo, ranar Laraba. Ban gaya wa kowa ba. Na samu baranda cike da mutane, har da waɗanda ban sani ba, kowa da kwanon abinci. Na tsaya a baya ina tambayar kaina, in ni ne a kwance, mutum nawa za su zo? Na tsaya ina wannan lissafin banza har lokacin ziyara ya ƙare, na koma gida, na ce sai Asabar in mutane sun ragu. Ranar Juma'a ka tafi. Rifkatu ta ce ka tambaye ni sau biyu. Wannan kam ban san inda zan ajiye shi ba.

Sai kuma abin da ka yi mini a wurin jana'iza. Fasto ya tashi ya ce ka bar saƙo. Ka ce a gaya wa jama'a unguwar nan ba taka ba ce, yayanka Ishaya ne ya share ta, shi ya dasa mangwaro, shi ya haƙa rijiya, kuma in hukuma ta zo rubuta sunayen unguwanni a sa nasa. Ka san abin da ya biyo baya? Mata suka fashe da kuka. Dattawa suna girgiza kai suna cewa ba a taɓa ganin mai tawali'u irinka ba. Ba wanda ya juyo ya dube ni. Gaskiyata da na riƙe shekara talatin, da ta fito ta bakinka sai ta zama wata sabuwar riga aka sa maka. Ina zaune a gaban akwatinka, hawaye a idona, ƙyashi a cikina. Allah ya gafarta mini.

Satin da ya wuce ma'aikacin sabuwar ƙaramar hukuma ya zo da babban littafi, za a sa sunan unguwa a taswira, a kafa allo a bakin titi. Aka taru a gindin mangwaro. Malam Buba, da sandarsa da idonsa da ya dushe, ya sa aka kawo shi, ya ba da shaida cewa ni ya fara gani a wurin nan ina jan dutse kamar jaki. Fasto ya maimaita saƙonka. Ma'aikacin ya buɗe alƙalami ya tambaye ni yadda ake rubuta sunana. Jawabin da zan yi kuwa na daɗe da shirya shi, tun ina bakin wutar jirgi nake bitar sa.

Na buɗe baki ke nan sai ga mota ta taho daga tasha, direba yana kiran Barnaba, saura mutum ɗaya. Sai na juya. Na juya ina neman ka a kan bencinka, da taya a cinya, kamar yadda na saba juyowa in harare ka duk lokacin da aka kira sunan. Benci ba kowa. A nan na gane cewa in aka sa sunana, nan da shekara biyu ko uku direbobi za su saba, ba wanda zai ƙara kiran ka a titin nan. Zan zauna a bayan katanga ina jin Ishaya, Ishaya, kuma ba kowa a duniya da zan juya in yi wa haushi. Na ce wa mutumin ya rubuta abin da mutane suka saba faɗa.

Kada ka ɗauka kirki ne. Ba kirki ba ne, ba zan iya zama ne a wurin da ba a kiran ka ba. Kuma ka san abin da mutane suke cewa yanzu? Wai ashe tsoho ya koyi halin ƙanensa. Ko wannan ɗin ma kai aka ba.

An kafa allon jiya, fari da baƙin rubutu. Na je na duba, sun rubuta sunanka daidai. Tsohon allonka kuma na cire shi daga akurki, na wanke shi da toka, yana jingine a ɗakina.

Saura magana ɗaya. Tsohuwar maƙabarta ta cika, shi ya sa ikilisiya ta buɗe sabon wuri a gefen dutse, sama da gonata ta farko, kuma kai aka fara sawa a can. Na hau ranar Lahadi bayan sujada. Kai kaɗai ne a filin, da baƙaƙen duwatsu da ciyawa, kamar yadda na samu gindin dutsen da fari. Dutsen yana nan yana barcinsa, bai dame ka ba. A can kam kai ka fara sauka, ba gardama, in sun ga dama su sa wa wurin sunanka, ba zan ce uffan ba. Na roƙi fasto wurin da ke hannun damanka. Ni na share maka wuri da ka zo da riga ɗaya. Yanzu kai ka auna mini nawa da ƙafarka, ka gaya wa na can cewa yayanka yana tafe.

Ka huta lafiya. Asabar ɗin da na ce zan zo, ina nan zuwa.

Ni ne,
Ishaya, yayan Barnaba,
Unguwar Barnaba.