Gunkin da Ke Alƙibla

Talata, bayan isha'i

Yau matar nan mai tsara adon gida ta ƙure ni. Kwana huɗu ina shafa farin fenti a falon wani gida a nan unguwar Manhattan, ga ginshiƙai shida na ƙarya da ba su ɗauke da komai, ga gunkin wani Bature marar hannu daidai alƙibla. La'asar ta yi, na lulluɓe shi da tsumma mai tsabta, na tayar da salla. Ina sallamewa ta hau ni da masifa: "Ibrahim, daga Italiya aka kawo shi! Kar ka ƙara taɓa shi!"

Har yanzu zuciyata tafasa take. Dutse ma ta san garinsu. Ni kuwa sunana Idi, ba Ibrahim ba.