Ayarin da ya ƙi bin ƙofata

Malama Zaituna, ina yi miki sallama. Ki taimake ni da shawara, don abin ya kai ko tuwo na sa a baki ba na jin daɗinsa. Ni ban yi boko ba. 'Yata Bahijja ce ke rubuta wannan, ita ce kuma take karanta mini filinki na jarida idan ta zo ganin gida. Na ce kada ta gyara mini magana, kuma ta daina wannan murmushin.

Ni tsohon falke ne. Tun ban fi jakina tsawo ba nake bin ayari daga Babura mu tsallaka Magarya, mu kai goro da tufafi, mu dawo da kanwa da dabino. Yanzu gwiwoyi sun ƙi. Ko kasuwar Roni ba a barina in je, awakina ma an raba su kiwo ba wanda ya tambaye ni, likita kuma ya hana ni sukari a shayi kamar shi ke saya mini. Amma ba wannan ya kawo ni ba.

Ɗana Sama'ilu malamin gona ne a Kazaure. Da ya ga zama ya ishe ni sai ya kawo mini tsohuwar kwamfutarsa da wani wasa a ciki. Ana ba ka mutane kaɗan da fili, ka gina gari da ganuwa, a yi noma, a yi ƙira, shekara ta zagayo fatake su zo ciniki. Rubutun ba na ganewa, amma hoto ba ya ɓuya ga mai ido. Duk Juma'a yakan zo ya zauna a gefena yana karanta mini abin da ya fito, har Magariba ta riske mu muna gardama a kan inda za a sa rumbu.

Garin na kafa shi a gindin dutse, irin duwatsun nan namu. Ƙofa ɗaya na yi, matsattsiya, da lanƙwasa a ciki yadda mahara ba za su faɗo kai tsaye ba. A gabanta na bar itatuwan da na tarar, na ƙara wasu, na haƙa rijiya a tsakiya. Duk wanda rana ta taɓa duka a hanya ya san ayari inuwa da ruwa yake nema. Madugunmu, Allah ya jiƙansa, gara ya ƙara mana tafiyar rabin yini da ya sauke mu a fako.

To Malama, waɗannan fataken ba su da hankali. Za su ɓullo daga gabas, su doso ƙofar har in gyara zama, sai kawai su karkata. Su hau dutse da kaya, su zagaye ganuwar kaf, su faɗa kogi, jaki biyu su tafi da ruwa, sauran su kutso ta 'yar kafar da na bari a baya don masu ɗiban ruwa. Wata shekarar a kan dutsen suka tsaya suna juyi kamar kazar da aka yanka har lokacinsu ya ƙare, suka koma. Masu amalanke kuwa, waɗanda ke ɗauke da ƙarfe da gishiri, daga nesa suke juyawa. Zangon da na yi musu ko kallonsa ba sa yi.

Sama'ilu ya ce wai itatuwan ne suka tare hanya, amalanke ba ya wucewa. Na ce yaushe aka haife shi da zai koya mini halin ayari? Shi da ke yawo ƙauye-ƙauye yana cewa a dasa itace, yau shi ne zai ce in sare.

Ranar da aka ɗauke ni a babur zuwa gaisuwar rasuwa a Yankwashi, na dawo na tarar ya sare su duka, ya rushe ƙofar ya faɗaɗa, ga kasuwata cike da amalanke. Yana zaune yana washe baki, jira yake in sa masa albarka. Ban san lokacin da na ce, "Wallahi ba zan ƙara yi maka magana ba sai ayari ya shigo ta ƙofata, yadda na gina ta, da itatuwana a tsaye." A gaban uwarsa na faɗa.

Na mayar da ƙofar yadda take, na jira itatuwa suka sake tashi. Fataken sun koma hawan dutsensu. Kullum ina kunna abin tun hantsi har batirin sola ya mutu, ina jiran shekara ta zagayo ko za su shiryu. Sama'ilu kuma yana zuwa, ya durƙusa ya gaishe ni, in kau da kai, ya zauna kaɗan a zaure ya tafi. Yanzu ga shi an yi masa canjin wurin aiki zuwa Haɗeja, ƙarshen watan nan zai kwashe iyalinsa. Uwarsa ta daina kawo mini fura da hannunta. Ba na so ya tafi ban sallame shi ba, amma ni ban taɓa rantsuwa na janye ba.

Kada ki ce in yi haƙuri, kowa ya faɗa mini wannan. Ki tambayar mini masu ilimin na'ura yadda zan sa ayarin nan ya bi ƙofata kafin wata ya mutu.

Tsohon Falke, daga ƙasar Gwiwa

Amsa

Baba, na amsa sallamarka, Allah ya ƙara lafiya. Na yi tambayar da ka sa ni, kuma zan faɗa maka abin da na samo ba tare da kwana ba.

A kan ayarin gaske, kai ke da gaskiya, babu mai ja da kai. Amma fataken cikin na'ura ba sa jin ƙishirwa, rana ba ta dukansu. Wanda na tambaya ya ce abu ɗaya suke dubawa: ina akwai hanyar da za ta ɗauke su har kasuwa? Idan itace ko dutse ya rage faɗinta, a wurinsu babu hanya ke nan, sai su nemi wata ko da ta kogi ce. Amalanke kuma ba ya shiga matsattsiyar ƙofa mai lanƙwasa. Ko shekara ɗari za ka jira a cikin wasan, haka za su yi ta yi. Ba raina ka suka yi ba, haka aka ƙera su.

Sama'ilu ya faɗi daidai, amma bai yi daidai ba. Garinka ne. Bai kamata ya jira ka bar gida sannan ya sa gatari ba, musamman ga mutumin da aka riga aka raba wa awaki ba shawara. Bahijja, ki isar masa da wannan, ya ba Baba haƙuri. Sai dai Baba, ka dubi mutumin da ake kau masa da kai amma bai fasa zuwa ya durƙusa ba. Mai raini ba ya haka.

Maganar rantsuwa, ba ni ce mai fatawa ba. Ka sa a kira maka limamin unguwarku tun a makon nan. Abin da na sha ji daga malamai shi ne, rantsuwar da za ta yanke zumunci ana warware ta a yi kaffara, kuma wannan ba ya rage wa dattijo girma. Kada ka rataya sallamar ɗanka a wuyan jakin kwamfuta, shi jakin bai san kana yi ba.

Garin kuma ba sai an mai da shi fako ba. A fitar da hanya miƙaƙƙiya mai faɗi, itatuwa su jeru dama da hagu, rijiya ta koma gefe. Ƙofarka mai lanƙwasa ta zauna don ranar mahara, a buɗe wa amalanke tasa. Kai ka nuna inda inuwa za ta faɗi, shi ya auna faɗin hanyar. Aikin mutum biyu ne, kuma ba ya yiwuwa da baki a rufe.

Juma'ar nan idan ya durƙusa, ka amsa tun kafin ya miƙe. Haɗeja ba nan kusa ba ce, kuma yaro ba ya jin daɗin sabon wuri idan bai taho da albarkar uba ba.

Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, ya kai Sama'ilu da iyalinsa lafiya, ya bar ku tare da juna.

Zaituna