Ribas a Lungun Inna A'i

Basirka, Gwaram,
ranar Talata.

Zuwa ga Maman Khuzaima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da Baba. Yaya ƙafarsa? Ni ma lafiya lau, sai dai kunya.

Kin san tirelar nan, ɗaki mai taya da nake ja da motar likitocin ido, wanda suke kwana a ciki. Ranar da za su ɗauke ni aiki a Birnin Kudu sun tambaye ni ko na iya ribas da tirela, na buga ƙirji na ce shekarata goma sha biyar kan sitiyari. Ban yi ƙarya a shekarun ba, amma ban taɓa komawa baya da ita ba. Sati uku ina ɓoyewa. Duk garin da muka shiga sai in zagaye shi kaf in fito ta gaba, suna ta yaba mini haƙuri.

Jiya asirina ya tonu. Muka shiga wani lungu, ashe ba ya ɓullewa. A bakinsa akwai rumbun wata tsohuwa, Inna A'i, cike da geron da za ta ci har baɗi. In na murza dama, wutsiyar tirelar ta yi hagu. In na gyara, ta ƙara nufar rumbun. A karo na uku na ji ta shafi jinkarsa.

Na san in na faɗi gaskiya aikin ya tafi, don haka na sake saka giya. Sai na hango tsohuwar ta madubi. Ta je ta jingina bayanta da rumbun, ta harɗe hannu.

Wallahi, Ummussalma, sai na taka birki. Na kashe mota, na sauko, na faɗa wa shugabar likitocin, Likita Hapsatu, a gaban jama'a cewa ban iya ba. Mazan unguwa suka kwance tirelar suka tura ta da hannu, suna dariya suna ce mini sannu direban gaba.

Likita ba ta yi faɗa ba. Ta ce wani direba zai iso ranar Alhamis.

Ki yi haƙuri, na san yadda kika yi murna da aikin nan. Ki ce wa Baba ya nemo mini fartanyata. Geron Inna A'i dai ko tsaba ɗaya bai zube ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Ni ne mijinki,
Iliyasu.