Bitrus, Na Ba Da Motarka

Zuwa ga abokina Malam Bitrus,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma wata biyar ke nan ina ɗinki ina yi maka tambayoyi a zuci, har na ga gara in rubuta su ko zan samu sauƙi.

Mutanen gidanka a Mairi lafiya lau. Maman Rifkatu ta koma ƙungiyar mawaƙan cocinku. Rifkatu ta haihu, namiji, an sa masa sunanka, ni na ɗinka kayan suna. Ni kuwa ina nan shagona a unguwar Dala ta nan garin, idanu sun fara gardama da ramin allura.

Ga abin da ya sa na zauna rubutu: na ba da motarka kyauta.

Amma tukuna, me ya sa ni ka bar wa ita? Da lauya ya karanta wasiyyarka ya ambaci Sani Tela, sai da na waiwaya ko akwai wani Sanin a ɗakin. Ka fi kowa sanin ban taɓa riƙe sitiyari ba. Keke nake hawa tun zuwanmu daga Kano. Wasa ka yi mini, ko akwai abin da ka hango?

Ban taɓa gaya maka ba, amma na daɗe ina yi wa motar nan dariya a bayan idonka. Mota mai kujera biyu, inji a baya, ƙasa-ƙasa kamar kwaɗo, ko buhun gero ba ta ɗauka. Ka ce wani Bajamushe mai haƙa rijiyar burtsatse ne ya sayar maka da zai koma ƙasarsu, lokacin kana sabon malamin makaranta. Shekara da shekaru kana wanke ta duk Asabar, ka ɗauke ni mu zaga gari a hankali, masu babur suna wuce mu. Na sha cewa a raina, wannan mutum ya sayi wahala. Ka yafe mini.

Bayan rasuwarka na bar ta a ƙarƙashin bishiyar dogon yaron gidanka, lulluɓe da tamfol. Sai ran nan na bi ta asibitin da muka riƙa kai ka wankin ƙoda. Na tarar da mutanen da muka saba zama da su a benci ɗaya. Wasu babu su. Ya Falmata mai ƙosai, wadda kake tsokana da Kanurinka mara daɗi, ta ce yanzu sai ta tsallake mako ba a yi mata ba. Ƙafafunta sun kumbura, takalmi ba ya shiga. Daga nan na nufi ofishin ƙungiyar nan da ke tallafa wa masu ciwon ƙoda, na ce ina da tsohuwar mota, ko za ta yi musu amfani wajen ɗaukar marasa lafiya.

Sakataren ya zo ya ɗaga tamfol, ya ɗauki hoto ya tura wa wani. Bayan kwana uku sai ga wani mutum takanas daga Legas. Bitrus, da ka ga mutumin nan. Da farar riga ya kwanta a ƙasa yana leƙen ƙarƙashinta. Ya goge lambar inji da hankicinsa, ya karanta ta sau biyu. Na ce ko in sa a yi mata sabon fenti, ya riƙe hannuna ya ce kada wanda ya taɓa ta. Wai irinta kaɗan suka rage, masu tara tsofaffin motoci nemanta suke ido rufe. Ka san haka? Idan ka sani, me ya sa ba ka sayar ba lokacin da ciwo ya ci ƙarfinmu? Tambayar da ta fi damuna ke nan.

Ba zan ɓoye maka ba, da na ji darajarta zuciyata ta yi rawa. Kwana biyu ina tunanin rufin gidana da auren 'yata Hadiza. Sannan na je wurin Maman Rifkatu na ce ta karɓi abinta, haƙƙin 'ya'yanta ne. Ta ƙi. Ta ce ita ma ta roƙe ka ka sayar kana kwance, ka ce ba za a ƙarar da ita a kan mutum ɗaya da ya riga ya gama tafiyarsa ba. Ta ce ka san idan ka bar wa 'ya'ya za su yi rigima, idan ka bar wa Sani zai rasa yadda zai yi da ita har sai ya yi abin da ya dace. Haka ka ɗauke ni? Ban sani ba ko yabo ne.

Na sa hannu a takardu. Ƙungiyar ta yi gwanjonta, mutumin Legas ya saya, da kuɗin ake biya wa marasa lafiya wankin ƙoda. Kafin a ɗora ta a babbar mota na roƙi direbansa ya zaga da ni sau ɗaya. Da muka fita hanyar Damaturu ya taka totur, bayana ya manne da kujera, hulata ta faɗa baya, na kama salati ina dariya. Ashe abin da ke cikinta ke nan? Ka taɓa sakinta haka kai kaɗai, ko ka tafi ba ka ji ba?

Jiya Ya Falmata ta zo shagona da ƙafarta, sanye da takalmi. Ta tambayi sunan mai motar. Na ce kai ne, malamin nan mai ɓata Kanuri. Ta zauna a kan bencina ta yi kuka, sannan ta gyara mini kalmomi uku da ta ce kullum kana faɗinsu ba daidai ba, wai in isar maka. Na rubuta su a bayan wannan takarda.

Ka huta lafiya, abokina.

Naka har kullum,
Sani Tela, Dala