Wayoyin Fulogi Huɗu

Injiniya,

Na buga ƙofarka sau biyu, barci kake. Mota ta ƙi tashi, sai tari take tana harbi ta salansa. Na buɗe bonet, na ga aikinka na jiya. Ka zare wayoyin fulogi huɗu gaba ɗaya, ka mayar da su yadda ranka ya so.

Sau nawa zan faɗa maka? Ɗaya ake cirewa, a goge, a mayar, sannan a taɓa na gaba. Shekara ashirin da biyu motar nan ba ta kunyata ni ba, sai da ka fara koyon gyara a salula.

Yau likita zai duba gwiwar mahaifiyarka, ƙarfe takwas. In ta rasa layi, sai wani watan. Yanzu da sanda za ta taka har bakin titi mu nemi tasi.

Kada ka sake taɓa injin nan. In na dawo zan jera wayoyin, kana tsaye kana kallo. Makulli yana aljihuna.

Ta roƙe ni kada in yi maka faɗa. Ban yi ba, rubutawa na yi.

Babanka