Tumbin Gado da Rabon Taki

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Rabon Takin Zamani na yankinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar girma, da iyalinka da sauran 'yan kwamiti. Yaya muka ji da jiran ruwa?

Ranka ya daɗe, tun shekarar da aka yanke mana Jigawa daga Kano nake jin wata magana, wai masu rabon kayan gwamnati ba sa tambayar mutum abin da ya mallaka, cikinsa suke dubawa. A bakin wani wanzami na fara jin ta a kasuwar Gwaram, na ce zancen wanzamai ne don kada wanda ake wa aski ya yi gyangyaɗi. Ni a gaban kakata mai tatsuniya na tashi, na san ƙarya mai daɗi idan na ji ta. Na dai yarda cewa mutum yakan tafi aiki Dutse kamar sanda ya dawo kamar randa, wannan idona ya gani. Amma a ce an mai da tumbi ma'aunin arziki, ban yarda ba sai a rabon da kuka yi makon jiya.

Na ɗaya. Ni ƙibata ta gado ce. Mahaifina ya rasu ko jaki bai mallaka ba, amma sai da aka ƙaro yadi a likkafaninsa. Mu a gidanmu na Kiyako ko ruwan rijiya muka sha sai ya zauna mana. Cimata tuwon dawa da miyar kuka, ran da babu a jiƙa garin rogo, nama sai da layya. To an koya mana ba a zuwa gaban hukuma da tufafin gona, don haka na aro babbar rigar surukina, wadda ta sha sitati har tana tsayawa da kanta, na ɗora a kan wannan jiki. Ina isa layi ya dare, ana ta Alhaji sannu da zuwa, ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba. Har kujera aka ba ni a inuwa. Na zauna ina jin daɗin gwamnati, ashe kujerar 'yan kallo ce. Da na ga buhuna na ƙarewa na miƙe na je gaban tebur, aka sanar da ni cewa takin na talakawa ne.

Na biyu. Akwai Buba, Bafulatani, maƙwabcin gonata. Ciwo ya shiga garkensa shekarun baya ya share shi, ya koma noma ba don yana so ba. Buba idan ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Na ce shi ke nan, in ya samu ma raba. Sai aka ce masa ramar Bafulatani ba ta yunwa ba ce, halitta ce, shanu suna can daji ya ɓoye. Ya rantse, aka ce duk haka suke faɗa. Ya fita daga layi. Muka kamo hanya a ƙasa, ni ina haki shi iska na kaɗa shi, kowa hannu na lilo. Yana ta yi mini tsiya, wai in yanko masa rabin cikina ya ba ni rabin ramarsa mu koma gobe. Na ce ni zan samu, kai kuwa za a ce shanun ne suka fara nunawa.

Na uku. Wani attajiri mai motocin dakon kaya zuwa Kano, wanda likita ya raba shi da shinkafa da shayi mai sukari har ya zabge, ya zo cikin tsohuwar taguwa. An tausaya masa ƙwarai, aka ba shi taki. Yaran motarsa ne ma suka yi lodi. Allah ya ba shi lafiya, ba hassada nake ba. Sai dai gonar da na sani tasa ita ce filin da yake ajiye motoci, kuma ban taɓa jin an zuba wa taya taki ba.

Gonata ta gaji, ranka ya daɗe, kuma marayun ɗana a gabana suke ci. In na shuka babu taki, rumbuna ba zai kai bazara ba. A lokacin zan rame in cancanta, amma damina ta wuce.

Roƙona ke nan. A tambayi mai unguwa, ya san gidan da ake kwana ba a ɗora tukunya ba. A ba ni nawa, a ba Buba nasa, kafin ruwan shuka. In kuwa ciki ne zai ci gaba da shaida, to a zo da igiya, a yi shela a kasuwa kamu nawa aka yarje wa Bahaushe, nawa ga Bafulatani, kuma a fara awon daga waɗanda ke zaune a bayan tebur.

Allah ya yi maka jagora, ya raya zuri'a, ya sa ƙibarka ta lafiya ce.

Na san za ka so jin wanda ya tabbatar mini da wannan magana, don a ja masa kunne. Ba zan ɓoye shi ba. Wanda ya faɗa mini na ƙarshe kai ne, kai da na sani kana malamin firamare, wandonka sai an ɗaure da tsumma. Ranar rabon ka dafa cikina a gaban jama'a kana dariya, ka ce, "Baba, mai wannan ai shi ya kamata ya ba mu."

Wassalam.

Malam Hudu na Kiyako