Taku Talatin Cikin Gonar Rake

Pietermaritzburg,
Talata, 9 ga Mayu.

Zuwa ga maigidana, Baban Khethelo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya. Ya hanya, ya ciwon bayan nan naka? Ina fata kana shafa man da na saka maka a jaka, ba ka bar shi ƙarƙashin kujera yana narkewa kamar wancan karon ba. Abokin aikinka Sibiya ya ce har yanzu ba a sake maka takardun kaya a kan iyakar Chirundu ba, shi ya sa na ba shi wannan ya miƙa maka hannu da hannu. Da gangan na rubuta. A waya kai kaɗai kake magana, ina buɗe baki sai ka ce layi ba kyau. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta.

Ɗanka Khethelo ya dawo gida daga asibiti jiya. Karaya ɗaya ce a hannun hagu, sai ɗinki a goshi. Yana tafiya da ƙafafunsa, amma phuthu da amasi, tuwon masara da kindirmon nan da yake share kwano biyu, yanzu cokali uku ne ya ture. Mvelo kuwa yana ɗakin ajiye gawa. Mvelo Ngubane nake nufi, siririn nan ɗan Nongoma, abokin ɗakinsa a jami'a, wanda ya yi Kirsimeti da mu har ya wanke maka tayoyi ba ka sa shi ba.

Ranar Asabar da rana suka ci wasan zari-ruga a Greytown, kuma ranar ce Mvelo ya fara cin ƙwallo tun shigarsa ƙungiyar makaranta. Ka san al'adarsu ta banza: wanda ya ci na farko, a cika takalmin wasansa da giya, ya shanye a tsaye, manyansa suna buga tebur. Yaron da ko a gidan biki lemo yake sha. Suka gasa nama, kowa ya sha ya yi tatul. Wajen la'asar su biyu suka shiga tsohuwar a-kori-kurarka, wadda ka ba Khethelo makullinta ranar da aka naɗa shi kyaftin, motar ƙungiya tana biye da su. A kwanar gonakin rake suka daki kwalbati, motar ta wuntsula.

Kocinsu, Venter, ya zo jiya da furanni, ya zauna a kujerarka ba wanda ya nuna masa. Ya ce, "Mama, abin takaici ne, amma Mvelo ne a kan sitiyari. A bakin ƙofar direba muka same shi, haka muka shaida wa 'yan sanda. Khethelo barci yake yi. Kar a dame shi da tambayoyi, manyan ƙungiyoyi za su zo daga Durban ganinsa a watan Yuli." Na ce masa shayi ko ruwa. Na yarda da maganarsa, domin ina so in yarda.

Yau da safe na dafa ruwa zan gasa wa yaron jiki. Da na cire masa riga sai ga shatin bel ɗin mota, baƙi wuluk, daga kafaɗar dama zuwa ƙugun hagu. Shekara ashirin da shida ina auren direba. Lokacin da ka faɗa rami a Van Reenen, ni na gasa maka irin wannan shatin, a wannan kafaɗar. Sitiyarin motocin ƙasar nan a dama yake, wanda ke zaune gefen direba kuwa ta kafaɗar hagu bel yake kama shi.

Na ce, "Khethelo, wa ya tuƙa?" Ya ce, "Mama, ruwan ya yi zafi." Na ce, "Ba labarin ruwa na tambaye ka ba." Sai ya juya fuskarsa bango.

A durƙushe na gode wa Ubangiji da Ya bar min shi, kuma gobe ma zan gode. Amma shatin nan na gan shi, ba zan ce ban gani ba. Na sanar da kai ne don kai ne ubansa, ba don ka ce in yi shiru ba.

Ka ci abinci mai zafi, ka bar soyayyen dankalin bakin hanya.

Matarka,
MaCele.

Pietermaritzburg,
Litinin, 15 ga Mayu.

Zuwa ga Baban Khethelo,

Bayan gaisuwa, ina fata bayanka ya yi sauƙi. Muryarka dai na ji lafiyarta ƙalau, domin maƙwabta ma sun ji ta jiya ta cikin wayar.

Ka ce mamaci ba ya zuwa kurkuku, mai rai ne yake zuwa. Ka ce shekara goma kana kai yaron nan atisaye kafin gari ya waye, ba za ka zuba ido mace ta rushe da baki ba. Ka ce in ƙona takardar da na rubuta, alhali tana hannunka. Na ji duka. Ni ma na wanke masa riguna masu laka shekara goman, ni ce kuma na yi naƙudarsa kwana biyu kana Lubumbashi. Kada ka koya min son ɗana.

Saurari abin da ba ka bari na faɗa ba. Ranar Juma'a kakar Mvelo ta zo, Gogo MaZungu, wadda ta rene shi tun rasuwar iyayensa. Ita da baffansa Fanyana, tun daga Nongoma. Tsohuwar nan, da sandarta da bargon makoki a kafaɗa, ta ƙi kujera, ta durƙusa a kan tabarmata. Ta ce, "'Yata, na zo roƙon gafara ne. Jikana ya sha abin da ba a koya masa ba, ya kusa kashe miki ɗa. A coci ana ta maganarmu. Ki yafe masa, kar ya tafi da nauyinki." Har kaza ta kawo min a kwali.

Baban Khethelo, ka taɓa jin kunyar da ke hana mutum numfashi? Na rasa inda zan sa idona. Sai ta ƙara da cewa, "Ni abin da ya ɗaure min kai, yaushe ya koyi mota? Keke ma sai da ya yi gemu ya iya." Khethelo yana ɗaki, ƙofa a buɗe, ya ji komai.

Ranar Alhamis za su je ɗauko ruhinsa daga bakin hanya da reshen bishiyar umlahlankosi, yadda al'ada ta tanada, sannan a yi jana'iza Asabar. Sun roƙa Khethelo ya je ya nuna musu daidai inda ran ya fita. Venter ya ce ba sai yaro ya wahala ba, shi zai nuna. Ba ya ganin komai a ciki, a wurinsa reshe ne kawai da tsofaffi.

Kai kuwa ka sani. Kai ka riƙe reshe ranar da muka je ɗauko ƙaninka daga bakin ramin haƙar zinariya a Welkom. Ka durƙusa ka kira sunansa, ka ce masa ya tashi a tafi gida. Ka bar masa kujera guda a mota. Kowane kogi muka zo sai ka gaya masa za mu haye. Ɗan sanda ya tsayar da mu ya yi ta tambayarka, ka ƙi ko kallonsa, domin mai riƙe da reshe ba ya magana da kowa sai wanda ya ɗauko. Ni na tambaye ka me ya sa muka yi awa biyu muna neman ainihin wurin, ka ce in an kira mutum a inda ba ya nan, ba zai ji ba, a can zai zauna har abada.

Jiya na sa ɗanka a gaba, ya faɗa min da bakinsa. Shi ya tuƙa. Mvelo ko tsayuwa ba ya iyawa bayan takalmin nan, ɗaukarsa aka yi aka saka a mota, ba wanda ya ɗaura masa bel. Da motar ta juya, ta taga ya fita, ya faɗa cikin rake. Can ya cika. Venter ne ya sa 'yan wasa suka ɗauko shi suka kwantar a bakin ƙofar direba kafin 'yan sanda su iso.

To ka gani. An ɗora wa yaron laifi, yanzu kuma za a je a kira shi a inda ba ya nan, a kai wa kakarsa reshe ba kowa a kai. Na ce wa Khethelo, "Ranar Alhamis ni da kai za mu. In ka buɗe baki, ina bayanka har inda abin zai kai. In ka yi shiru, ni zan buɗe nawa, kuma ka san muryata." Ya ce, "Mama, kin san me za su yi min?" Na ce na sani.

Ka yi fushinka. In ka ga dama ka kira yayanka ya zo ya yi min faɗa, akwai shayi. Kazar tana nan a bayan gida, na kasa yanka ta.

Matarka,
MaCele.

Pietermaritzburg,
Lahadi, 21 ga Mayu.

Zuwa ga maigidana,

Ina gaishe ka, ina kuma tambayar lafiyarka, ko da yake kwana huɗu ke nan ba ka ɗaga wayata. Sibiya ya ce an sake maka takardu, kana hanya. Ya ce ka rame. Ka dinga tsayawa kana hutawa, ba wanda ke korarka.

An binne Mvelo jiya. Ga yadda Alhamis ta kasance, don kar ka ji a bakin wani da ƙari.

Da hantsi muka isa kwanar. Har yanzu gilashin motarka yana warwatse a cikin ciyawa. Dangin Ngubane sun zo su tara, 'yan wasa kuma sun jeru cikin rigunan ƙungiya, ƙartai masu wuya kamar turmi, kowa kansa a ƙasa. Venter ya taka zuwa gindin bishiyar turaren da motar ta tsaya, ya nuna da ƙafa. Da ƙafa, Baban Khethelo. Ya ce, "Nan ne."

Fanyana ya cire hula ya durƙusa da reshen. Ya fara jero kirarin zuriyarsu. Na dubi ɗanka, yana tsaye da hannu a rataye, gumi yana zuba kamar wanda ya gama wasa. Na ba shi lokaci har Fanyana ya kai ga sunan yaron. Da na ji ya ce "Mvelo, ɗana," na cika ƙirjina da iska.

Ɗanka bai bari na yi magana ba. Ya ce, "Baba, ba nan ba ne."

Venter ya ce, "Kyaftin, kanka bai gama warwarewa ba, je ka zauna a mota." Na ce masa, "Kansa ni na haifa, lafiyarsa lau. Matsa." Ya kuwa matsa.

Khethelo ya koma baya ta gefen titi, ya tsallaka lambatu, ya kutsa cikin raken, muna biye. Na ƙirga, taku talatin ne. Akwai wurin da rake ya kwanta, kuma ga takalmin wasa ƙafa ɗaya, ruwan sama ya taru a ciki. Gogo MaZungu ta gane shi kafin kowa.

Fanyana ya dubi titi, ya dubi wurin, ya ce, "Yaro, ya aka yi direba ya zo nan?" Ɗanka ya ce, "Ba shi ne direba ba, Baba. Ni ne. Na sha, na tuƙa. Mvelo bai taɓa riƙe sitiyari ba a rayuwarsa."

Wani matashi cikin dangin ya zaburo, aka riƙe shi. Ni na riga na shiga tsakani, in duka ne a fara da ni. Tsohuwar ta dubi Khethelo. Ba ta ce ta yafe ba, kuma ban ga laifinta ba. Cewa ta yi, "Muryarka ya ji a ƙarshe. Durƙusa ka gaya masa mun zo, kar ya tsorata."

Ya durƙusa a cikin laka. Ya ce, "Mvelo, ni ne. Na yi maka ƙarya a kai, na bar ka a nan kwana goma sha biyu. Ga Gogo ta zo. Tashi ku tafi gida." Daga nan Fanyana ya ja reshen a ƙasa, ya kira shi, ya miƙe. Bai ƙara ce wa kowa uffan ba. Suka shiga mota, kujerar gaba ta Mvelo ce.

Ranar Juma'a na guga masa farar rigarsa, na raka shi ofishin 'yan sanda. Ya faɗi komai, har da wanda ya sa aka ɗauke gawa. Biyu daga cikin 'yan wasan sun biyo mu ba wanda ya kira su. Jami'a ta dakatar da shi. Mutanen Durban ba za su zo ba. Lauya ya ce mu shirya wa ɗauri, bai san na shekara nawa ba. Ranar Asabar mun je Nongoma, mun tsaya daga bayan shinge, domin ba a ce mu shiga ba. Na mayar wa tsohuwar kazarta, ta karɓa.

Ka aiko Sibiya ya gaya min na kashe ɗanmu da hannuna. Na yi kuka da na ji, ba zan ɓoye maka ba, kuma zan ƙara yin wani ranar da za a tafi da shi. Amma da mun dawo daga Nongoma ya ce yana jin yunwa, ya cinye kwano biyu, ya tambaya ko akwai saura. Ko yau aka mayar da ni gonar raken nan, abin da na yi shi zan sake.

Ranar sha huɗu ga Yuni za a shiga kotu, ƙarfe tara. Na wanke baƙar kwat ɗinka, tana rataye a bayan ƙofa. Ni dai ina bencin farko, inda in ya waiwayo zai gan ni. Zan ɗora jakata a gefena in tsare maka wuri, kuma duk wanda ya ce in ɗauke, zan ce masa wurin uban yaron ne, yana hanya.

Allah Ya kawo ka lafiya.

Matarka har gobe,
Ntombizodwa MaCele.